Jaka Biyu Aka Ce

Liatu ta dawo daga asibiti da rana tsaka, ƙafafunta a kumbure saboda tsayuwa. Ta murɗa makulli a ƙofar gidanta da ke unguwar Mansura a Doha ta tura, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ta sa kafaɗa. Ƙofar ta ɗan buɗe daidai wucewar kyanwa, ta cije. Da ta leƙa sai ta ga abin da ya tokare ta: firiza ce sabuwa fil a kwalinta, an rangaɗa mata sunan wata mata da lambar waya ta Jos.

"Baban Gloria!"

Ta ji tafiyarsa a hankali, irin tafiyar da yake yi tun da aka sallamo shi daga asibiti. Sai ta ga hannunsa ya dafa kwalin.

"Sake ta! Na ce sake ta! In ka tura firizar nan, yau ni da kai ne a gidan nan."

Ta matse ciki ta kutsa, rigar aikinta ta kama ƙusa ta yage. Falon da ta bari da asuba tsaf-tsaf ya koma kasuwa. Jakunkunan gana-mas-go har kan kujera, katan-katan na madara da dabino, talabijin mai faɗin ƙofa, keken ɗinki, barguna a naɗe. Mijinta Hananiya yana tsaye a tsakiyarsu cikin singileti, ƙasusuwan wuyansa a waje, yana murmushin marar gaskiya.

"Sannu da aiki, Maman Gloria. 'Yan saƙonni ne."

'Yan saƙonni! Ku ji mini mutum.

Ga yadda abin ya faro. Hananiya mutumin Kaltungo ne. Shekara da shekaru yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Doha, yana hawa rufin benaye a zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Ran nan yana kan aiki huhunsa na dama ya sace kamar tayar keke. Aka gyara, ya koma aiki, ya sake sacewa. A karo na biyu likita ya zaunar da su ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: kada ya ƙara ɗaukar abin da ya fi butar shayi nauyi, kuma kada ya kuskura ya hau jirgin sama, don in huhun ya sace a can, gawarsa za a sauko da ita. Kamfani ya ce ba shi da aikin mutumin da ba ya ɗaukar kaya. Kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya soke takardar zamansa. Gaba kura baya sayaki: ƙasa ta ce ya fita, likita ya ce ban da sama. Albashin Liatu bai kai a ba ta izinin riƙe miji ba, ita kuma ba ta isa ta ajiye aikin ta bi shi ba, ga 'yarsu Gloria a jami'a a gida.

Injiniya Umar Faruq ne ya share musu hawaye. Bakatsine ne da ke aiki da wani kamfanin jiragen ruwa, kuma matarsa a hannun Liatu ta haihu. Ya yi ta buge-bugen waya har ya samo ɗaki ɗaya a wani jirgin kwantena da zai tashi daga tashar Hamad ya zagaya ya sauke a Legas. Ya zo da kansa ya yi musu bayani.

"Sista, ki saurare ni da kyau. Jirgin nan ba na fasinja ba ne, alfarma aka yi mana. Babu likita a ciki, tafiyar kuma ta fi wata. Jaka biyu kawai. Sannan akwai tsani daga ƙasa zuwa cikin jirgi, dogo ne ƙwarai. Kyaftin zai tsaya a sama yana kallo. In ya ga Malam Hananiya ya hau da ƙafarsa ba wanda ya tallafe shi, shi ke nan. In ya ga ya sare a hanya zai ce a sauke shi, ba wanda ya isa ya sa baki, har ni. Kuma wallahi ba ni da wani jirgin."

Tun ranar Liatu ba ta da wani tunani sai wannan tsani. Kullum da yamma sai ta tasa mijin a gaba su hau matakalar benensu, tana bayansa tana sauraren numfashinsa. Ta hana shi ko ɗaga bokiti. Ta ba shi ƙwai, ta ba shi hanta, tana so ya yi nama kafin ranar.

Sai Fasto ya tashi ranar Jumma'a, ranar da ake zuwa coci a ƙasar, bayan wa'azi ya ce Dattijo Hananiya zai koma gida ta jirgin ruwa, a sa shi a addu'a. An yi addu'ar, ba a ce ba a yi ba. Amma kafin amin na ƙarshe kowa ya gama tuna abin da ke jibge a ƙarƙashin gadonsa. Kun san halinmu. Mai tafiya gida ba ya tafiya shi kaɗai, sai an rataya masa saƙo. Abin da ke ceton mai hawa jirgin sama shi ne ya ce kilo ya cika. To wanda zai hau jirgin da ke ɗaukar motoci da ƙarafa, ina maganar kilo? Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Labari ya fita daga coci ya shiga unguwar Najma, ya haura unguwar Madinat Khalifa, Kirista da Musulmi kowa ya tuna yana da tsohuwa a gida.

Liatu ba ta ma cire takalmi ba aka buga ƙofa. Alex ne, wani matashi mai aikin wuta, yana zufa, ya jingina tayoyin mota biyu a bango.

"Mama, sannu da gida. Sauran biyun suna ƙasa, bari in hawo da su."

"Alex, ɗauki tayoyinka."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Haba Mama. Jirgin da ke ɗaukar tirela, taya huɗu ce za ta gagare shi?"

"Jirgin ubanka ne? Na ce ɗauki tayoyinka kafin in gangara maka su ta matakala, su same ka a ƙasa!"

Ya ɗauka. Ta maida ƙofa da ƙarfi, ta juyo kan mai gayya mai aiki.

"Ka gaya musu jaka biyu aka ce?"

"Na so in faɗa."

"Ka so!"

"Maman Gloria, mutum ya hawo bene da kaya a ka, ya ce ka kai wa tsohuwarsa, da wane baki za ka ce a'a? Saƙo ba a mayar da shi. A gidanmu ban taɓa gani ba."

"A gidanku akwai mai huhu ɗaya da rabi?"

"Na ce ko Injiniya zai yi magana a cusa su a wani lungu."

"Wane lungu? Kwantenan nan kowace a kulle take, kowace da mai ita. Ka ɗauka motar Kaltungo ce da za a ɗaura akuya a sama? Haƙurin kaya sai jaki, kai kuma ba jaki na aura ba. Mutanen nan sun san abin da likita ya ce. Sun sani sarai! Akwai wanda ya tambaye ka yaya ƙirjin kafin ya dire maka firiza?"

Hananiya ya zauna a kan wani katan. Abin da ke ƙara tunzura ta ke nan da shi. Mutum ne da tun da take ba ta taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba. Da shi kaɗai abin ke ci da sauƙi, amma yau ransa ne a ciki, kuma ran nan ba nasa ba ne shi kaɗai.

Washegari ta ɗauki hutu, ta je kasuwar gwanjo ta Najma ta samo a-kori-kura da masu dako, ta sa aka kwashe falon kaf. Gida gida ta bi. Wasu suka karɓa suna ƙunƙuni. Mai firiza ta ce ba ta taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba, Liatu ta ce to yau ta gani. A Madinat Khalifa, Hajiya Barira, matar wani malamin jami'a, ta fito ta ga keken ɗinkinta a bakin ƙofa ta riƙe baki.

"Haba Maman Gloria, keke ɗaya? Marainiya ce fa zan aika wa."

"Hajiya, marainiya ɗaya ta isa, kada a ƙara da tawa. Ranar da mijina yake kwance da roba a haƙarƙari wa ya leƙo mu?"

Ba gaskiya ba ne. Barira ta leƙo, har da kunun gyaɗa a fulas, ba sau ɗaya ba. Liatu ta tuna da haka tun maganar ba ta gama fita ba, amma ta riga ta hau, ba ta ga wurin sauka ba. Ta juya ta shiga mota.

Abu na ƙarshe da ya rage a bayan motar ɗan akwatin ƙarfe ne, ja, duk ya kokkoɗe. Ƙarami ne, amma nauyinsa kamar dutsen niƙa. Na Jael ne.

Jael nas ce, ɗaki ɗaya suke aiki da Liatu, kuma duk Doha ba ta da kamarta. Lokacin da Hananiya ke kwance, Jael ce ta riƙa haɗa aikinta da na Liatu ba tare da an roƙe ta ba. Wan Jael, Reuben, abokin aikin Hananiya ne. Bara ya faɗi a wurin aiki bai tashi ba, aka binne shi a nan, a hanyar garin Dukhan. Abin da kamfani ya miƙo wa Jael shi ne wannan akwati na kayan aikinsa. Ɗan Reuben yana can gida yana koyon sana'ar uban da kayan aro.

Liatu ta sa mai dako ya dire shi a ƙofar ɗakin Jael, ta buga.

"Ke ma?" ta ce, tun kafin gaisuwa. "Sauran na ce jahilci ne. Ke fa? Ke da kika riƙe robar da aka zura masa a ƙirji?"

Jael ta dubi akwatin, ta dube ta. "Ban ba shi don ya ɗauka ba, Liatu. Na zaci cikin kaya za a sa. Duk wanda na roƙa a jirgin sama sai ya ce ya yi nauyi. Shi kaɗai ne abin da ya rage na Reuben, yaron kullum sai ya tambaye ni."

"Naki ya mutu, shi ne kike so nawa ya bi shi?"

Kai, baki! Jael ta sunkuya ta ja akwatin da hannu biyu, yana ƙara a kan tayil, har ya shige. Ta rufe ƙofar a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi da Liatu ta fi jin daɗi.

Da ta koma gida, Hananiya ya dubi falon fayau ya ce, "Har na Jael?"

"Har na Jael."

Tuwon ma kaɗan ya taɓa.

Ita kuwa ta ce ko a jikinta. Ta haɗa jaka biyu da hannunta. Ɗaya tufafi da magunguna. Ɗaya kuma abinci, don an ce mata mai dafa abincin jirgin ba ya sanin komai sai shinkafa da kifi. Ta yini tana dakan dambun nama har hannunta ya yi kanta, ta cika roba babba. Ta sa yaji, ta sa garin kunu, ta sa zuma, ta danna bargo a sama ta zuge. Ana gobe tafiya ta je aikin safe da zuciya ɗaya, ta bar shi yana karanta Zabura.

Ranar tafiya ba wanda ya zo. Da a ce da ne, gidan ba ya ɗaukar mutane, mata na waƙa, maza na jayayya kan wa zai riƙe jaka. Yau daga su sai Osman, direban kamfanin su Injiniya, wani dogon Basudane, wanda ya hawo ya sauko da jakunkunan ya jefa a but. Liatu ta lura da shirun, ta ce gara haka, an huta da munafukai. Hananiya ya tsaya a bakin titi yana duba hagu da dama kafin ya shiga mota.

Injiniya ya samo mata izinin shiga tashar a matsayin nas mai rakiya. Suka wuce garin Wakra, suka wuce shingen 'yan sanda, suka shiga tsakanin kwantenoni jere-jere har ido ya gaji. Sai ga jirgin. Liatu ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Ya fi benensu tsawo. A jikinsa tsanin yake rataye, siriri, na ƙarfe, yana ɗan lilo, ƙarƙashinsa kuma baƙin ruwa tsakanin jirgi da bango. Can sama wani farin mutum mai furfura ya jingina da ƙarfe, rediyo a hannu, yana kallon ƙasa.

Osman ya sauke jaka ta farko. Ya sauke ta biyu yana nishi, ta daki siminti ta ce ƙwararrau.

Dambu ba ya wannan ƙara.

Liatu ta durƙusa ta zuge. Bargo ne a sama. Ta ɗaga bargon, jan akwati ya dube ta.

Ta miƙe a hankali.

"Yaushe?"

"Jiya, kina aiki."

"Wa ya hawo da shi bene?"

"Mai tasi." Ya kau da kai. "Rabin hanya."

"Rabin hanya! Sauran rabin fa? Mala'iku? Baban Gloria, kashe kanka kake so ka yi? Ni ina can ina lallaɓa huhun nan kamar ƙwai, ina hana ka ɗaga bokiti, na ɓata da kowa a garin nan saboda kai, kai kuma ka ci amanata ka je ka kinkimo ƙarfe? Ina dambun? Ina abincin da na kwana biyu ina yi?"

"Yana ƙarƙashin gado."

"To akwatin nan a nan zai kwana. Osman ya maida wa Jael kayanta."

"In ba za a hau da shi ba, ni zan ɗauka."

Tun da ta aure shi ba ta taɓa jin wannan murya a bakinsa ba. Ashe ya iya a'a, ita ya tara wa.

"Maman Gloria, yau wa ya zo rakiya?" ya ce. "Ni zan tafi, ke za ki zauna. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ke a ɗakin nan, wa zai buga miki ƙofa? Duk wanda ya kawo kaya na karɓa, ke nake gani. Na san ba za su tafi ba, na so mu zauna mu ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Kin riga ni. Sauran sa huce. Amma abin da kika faɗa wa Jael ba ya hucewa da kansa."

"Ni na ce ka nema mini mutane? Da ranka za ka saya mini su? Me zan yi da mutane in babu kai?"

"Yalla, yalla!" Wani ma'aikacin jirgi ne a gindin tsani yake ɗaga musu hannu alamar su yi sauri. Osman ya saɓa jakar tufafi ya yi gaba, yana nuna ƙugunsa alamar ɗayar ta fi ƙarfinsa. Hananiya ya sunkuya zai kama hannun jakar. Liatu ta make hannun har sai da ma'aikacin ya waiwayo.

Ta cire ɗankwali ta naɗe shi ta yi gammo. Rabonta da ɗaukar kaya a ka tun tana budurwa tana ɗebo ruwa a rafi. Ta sa gwiwa, ta ja jakar zuwa cinya, zuwa kafaɗa, ta aza. Wuyanta ya amsa.

"Wuce," ta ce. "Wuce gaba, kada in ga bayanka ya lanƙwasa."

Ya kama ƙarfe ya fara hawa. Tana bayansa, hannu ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan ƙarfen da rana ta gasa. Tsanin yana motsi da kowane taku. Ba ta kalli ruwan ba, ba ta kalli sama ba, kunnenta kawai ta kafa a bayansa. Da farko numfashin lafiya lau. Da suka yi nisa ya fara gajarta, ya fara fito da wata 'yar ƙara da ta sani, wadda take ji a ɗakin marasa lafiya ta ruga kiran likita.

A tsakiyar tsanin ya tsaya cak.

Ta saci kallon sama. Kyaftin ya daina magana a rediyo, ya miƙe daga jinginar da ya yi. In ta taɓa mijinta, an gama. In ya zauna, an gama. Hannunta yana ƙaiƙayi ta tallafe shi, ba hali. Abin da ya rage mata baki ne kawai, shi kuwa tana da shi.

Ta washe haƙora kamar ana ba ta labari mai daɗi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ɗaga hannu ka nuna mini gari. Nuna, kamar kana nuna mini wani abu."

Ya ɗaga hannu, ya nuna can inda benayen Doha suke cikin hayaƙin zafi. Ta juya ido tana gyaɗa kai gwargwadon yadda kaya ya bari.

"Ja ta hanci, mugun mutum. Riƙe. Saki a hankali. Sake ja. Ka zube a nan ka ga abin da zan yi maka. Ka ɗauka zan yi kuka? Na rantse in ka faɗi ban yafe ba, har gaban Ubangiji sai na kai ƙararka. Ja! Kai da ka iya hawa bene da ƙarfe a ɓoye, ɗan tsanin nan ne zai gagare ka? Wa zai kai Gloria gaban Fasto ranar aurenta, akwatin Reuben?"

Sai ta ji wani abu kamar tari. Ashe dariya yake.

"Dariya ma kake? Tafi!"

Ya tafi. Taku ɗaya, ya huta, taku ɗaya, tana bayansa tana zazzaga masa, ta tono laifinsa na bana da na bara, har da rancen babur da ya bai wa ƙaninsa kafin a haifi Gloria. Da haka suka kai.

Kyaftin ya dubi Hananiya tun daga sama har ƙasa. Hananiya ya miƙe ƙyam, ya haɗiye hakinsa, ya miƙa hannu ya gaishe shi da Turanci. Mutumin ya riƙe hannun ya ɗan jima, sannan ya gyaɗa kai. Ya dubi matar da ke tsaye da jaka a ka, zufa na ɗiga daga haɓarta, ya tambaya ko ita ce nas ɗin.

"Matata ce," in ji Hananiya.

Kyaftin ya ce ta hanzarta, yanzu za a ɗage tsani.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, gado ɗaya, tagar ma kwantena ta toshe ta. Liatu ta dire jakar, ta zaunar da shi, ta zaro abin sauraren ƙirji daga jakar hannunta ta ɗora a bayansa. Hagu yana aiki. Ta koma dama, ta rufe ido. Yana aiki. Ta ji kamar ta zube ƙasa, sai fushin ya sake tasowa ya riƙe ta.

"Yanzu me za ka ci? Sukuddireba? Wata guda cur a kan ruwa ba yaji ba kunu. Maganin safe na cikin aljihun gefe, in ka ga dama ka bayar da shi saƙo. Kuma in kun isa Legas ka ɗauki akwatin nan da hannunka, ka ji? Ka ɗauka! Kada ka nemi ɗan dako, ka ga yadda..."

Aka buga ƙofa, lokaci ya ƙare. "Khalas, madam, khalas!"

Ta fita tana faɗa. Ta sauko tsanin tana faɗa. Tana taka siminti ta ji muryarsa daga sama, siririya cikin ƙarar injuna.

"Maman Gloria!"

Ta ɗaga kai. Yana tsaye a inda kyaftin ya tsaya ɗazu, ya ɗaga hannu, bakinsa na motsi.

"Shiga ciki!" ta daka masa tsawa. "Iska ce a wurin, shiga ciki na ce!"

Ya shiga. Aka ɗage tsanin.

Sai da suka wuce Wakra, Osman na sauraren rediyonsa, sannan abin ya faɗo mata. Ba ta ce masa Allah ya kiyaye hanya ba. Ba su yi addu'a ba. Mutanen da ko Dukhan nan kusa za su sai sun riƙe hannu sun sunkuyar da kai. Ta zaro waya da sauri, sai ta tuna an yanke layinsa tun ranar da aka soke takardarsa. Injiniya kuma ya ce sai jirgi ya tsaya a wata tasha kafin a ji daga gare shi. Ta riƙe wayar a cinya har Mansura.

Ƙofa ta buɗe ba gardama. Falo fayau, yadda take so. Ta wuce ɗaki ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Ga su nan ya jera su tsaf, robar dambu, yaji, garin kunu, zuma, har ya rufa musu tawul kada ƙura ta hau.

"Mugun mutum," ta ce, ba kowa a ɗakin.

Ta jima a durƙushe. Sannan ta ɗauki robar dambun ta fita, ko wanka ba ta yi ba. Da ƙafa ta taka har Najma, wuyanta a sanƙare, ta hau benen su Jael ta buga.

Jael ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matsa ba.

"Ba haƙuri na zo bayarwa ba," in ji Liatu. "Dambu ne zai lalace."

Jael ba ta dubi robar ba. "Ya hau?"

"Ya hau. Da akwatin. Ni na hau da shi, a kaina."

Jael ta dubi yadda ta karkatar da wuya, ta dubi ɗankwalin da har yanzu yake a murɗe a hannunta. "Kun samu kun yi addu'a?"

Liatu ta sunkuyar da kai.

"Faɗa na yi masa. Tun daga ƙasa har sama faɗa nake masa, Jael. Ya kira ni zai gaya mini wani abu, na kore shi. Ko sai wata rana ban ce masa ba."

Jael ta karɓi robar ta ajiye a ƙasa, ta kama hannun Liatu ta ja ta ciki.

"Durƙusa mu yi masa yanzu," ta ce. "Bai yi nisa ba."